Linda Ronstadt: rok ta guje wa, ko gida ta koma?

Habu Tudun Wada:
Assalamu alaikum, 'yan zaure. Na kammala karanta littafin da Linda Ronstadt ta rubuta kan rayuwarta, Simple Dreams, wanda ya fito a 2013, kuma akwai maganar da nake so mu baje ta a nan.

Ga wanda bai san ta ba, a shekarun 1970 babu macen da ta kai ta tashe a kiɗan rok na Amurka. An haife ta a Tucson ta jihar Arizona a 1946. Tana da shekara 18 ta bar jami'a ta nufi Los Angeles, ta fara da wata ƙungiya ta mutum uku mai suna Stone Poneys. Sai da ta sha fafutuka ta kusan shekara goma kafin faifanta Heart Like a Wheel na 1974 ya hau matsayi na ɗaya. Daga nan kuma sai abin ya zama sai ita. Filayen wasa suna cika maƙil, mujallar Time ta sa hotonta a bango a 1977, faifan da ta fitar a wannan shekarar ya sauke na Fleetwood Mac daga saman jadawali. Don Henley da Glenn Frey ma makaɗanta ne da suka raka ta yawon wasa a 1971, daga baya suka kafa ƙungiyar Eagles.

Tana cikin wannan ganiya sai ta juya akala. A 1980 ta tafi New York ta shiga wasan kwaikwayo na waƙa na 'yan Ingila Gilbert da Sullivan, wanda aka rubuta tun ƙarni na 19. A 1983 ta koma rera tsofaffin waƙoƙin soyayya na zamanin iyayenta tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta Nelson Riddle. A 1987 ta fitar da faifai sukutum da Sifaniyanci, waƙoƙin gargajiya na Meksiko. Kamfaninta bai so ba, an gaya mata kasuwarta za ta kashe, ta ƙi ji.

Abin da na fito da shi daga littafin shi ne, wannan mata ba yawo take yi ba. Ta sha faɗin cewa ba ta taɓa wani salon waƙa ba sai wanda ta ji a falon gidansu kafin ta cika shekara goma. Mahaifinta yana rera waƙoƙin Meksiko, mahaifiyarta tana son Gilbert da Sullivan, ana sa faifan Sinatra a gidan, rediyo kuma yana kawo musu waƙoƙin karkara. Ni a ganina rok ɗin da ya yi mata suna shi ne baƙo a cikin tarihinta, sauran duk kayan gida ne. Me kuka gani?

Nura Mai Jita:
Wa alaikumus salam, Malam Habu. Ni fa ban yarda ba. Mutanen da suka sayi faifanta miliyan-miliyan, suka yi layi a rana don tikiti, su ne suka ba ta ƙarfin da za ta ce wa kamfani a'a. Da ba kuɗin rok ba, wa zai ɗauki nauyin makaɗa arba'in don ta rera waƙar da kakanni suka yi rawa da ita? Ta ci moriyar ganga ta yada kwaurenta, sannan ka ce rok ne baƙo.

Na biyu kuma, kada mu ɓoye wa juna. Ba ta rubuta waƙa. You're No Good wasu sun rera ta tun 1963. Blue Bayou ta Roy Orbison ce. It's So Easy ta Buddy Holly ce. Tumbling Dice ta Rolling Stones ce. A rok, darajarka tana cikin abin da ka ƙirƙira. Wanda yake ɗaukar na wasu ya gyara, ba abin mamaki ba ne gobe ya ɗauki wani salon daban, tunda dama babu wanda yake nasa.

Hajiya Rabi Fagge:
Nura ɗana, tsaya in tambaye ka. Ummu Kulsum ita take rubuta waƙoƙinta? Ahmad Rami ne ya rubuta mata da yawa, Riyad Sunbaɗi ya sa musu kiɗa, kuma har yau babu Bamisiren da zai ce maka ba waƙarta ba ce. Lata Mangeshkar da muka tashi muna jin muryarta a finafinan Indiya, wasu ne suke rubutawa, wasu su tsara kiɗa, ita ta rera. Amma idan ta buɗe baki ka san ita ce. Rerawa kanta sana'a ce mai zaman kanta. Wannan ƙa'ida ta cewa sai ka rubuta da hannunka, 'yan rok ne suka ɗora wa kansu daga zamanin Beatles da Bob Dylan. Elvis da kuke kira sarki, waƙa nawa ya rubuta?

Ka saurari Blue Bayou ta Orbison, sannan ka saurari tata. Tana farawa can ƙasa-ƙasa kamar mai magana da kanta, sai a amshi ta saki murya gaba ɗaya. Mutane da yawa a yau ba su ma san akwai ta Orbison ba.

Nura Mai Jita:
Hajiya, maganar Elvis kin kama ni, ba zan musa ba. Amma Ummu Kulsum ba ta taɓa barin waƙar Larabci ta koma wani abu ba. Ta tsaya a inda mutanenta suka san ta har ta rasu. Matsalata da Linda ita ce tsalle-tsallen.

Habu Tudun Wada:
Nura, bari in ƙara maka abu biyu. Na farko, ba gaskiya ba ne cewa ba ta taɓa rubutu ba, kaɗan ne dai. A faifanta na 1976 akwai Lo Siento Mi Vida, da Sifaniyanci, wadda suka rubuta ita da Kenny Edwards da mahaifinta Gilbert. Lura da shekarar: 1976, tana tsakiyar tashen rok, shekara 11 kafin faifan Meksiko. Blue Bayou ɗin ma ta sake rera ta da Sifaniyanci. Ke nan abin yana cinta tun tuni, hali ne ba ta samu ba.

Na biyu, ka dubi marubutan da ta ɗaga. Warren Zevon, Karla Bonoff, Anna McGarrigle, J.D. Souther. Waɗansunsu ba a san su sosai ba sai da ta rera waƙoƙinsu, kuɗin haƙƙin mallaka ya riƙa shigar musu. Tana da kunnen gane waƙa mai kyau tun kafin duniya ta ji ta. Wannan ba ƙaramar baiwa ba ce.

Sadiya A.:
Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a littafin shi ne yadda ta yi bayanin manyan filayen wasa. Mu muna ganin mutum ya cika fili mu ce ya kai, ita kuwa azaba take sha. Wuraren nan don ƙwallon kwando da wasan ƙanƙara aka gina su, ba don waƙa ba. Sautin jita da ganga yana bugun bango da rufi yana dawowa, mai rerawa ba ta jin muryar kanta, dole ta yi ta ihu don ta tsere wa kiɗan. Waƙoƙi masu sanyi, waɗanda ta fi so, ba sa rayuwa a irin wannan wuri. Sai ta ga kullum muryarta abu ɗaya take yi, alhali ta san tana da wani sashe na sama da ba ta taɓa amfani da shi ba.

Shi ya sa da mai shirya wasan kwaikwayo Joseph Papp ya ba ta matsayin Mabel a The Pirates of Penzance, wasan nan na Gilbert da Sullivan, ta karɓa da gudu. An fara a dandalin da ke cikin Central Park a 1980, aka kai shi Broadway a 1981, har aka sa sunanta cikin masu takarar lambar Tony ta wasan kwaikwayo. Kuɗin da take samu a can bai kama ƙafar na dare ɗaya a filin wasa ba. Mai kwaɗayi ba ya yin wannan lissafin, Yaya Nura.

Sannan a tuna mace ce ita kaɗai cikin tawagar maza, wata da watanni a kan hanya, a zamanin da ƙwaya ta yi katutu a harkar. Ba kowa zai so ya tsufa a haka ba.

Nura Mai Jita:
Sadiya, ai ta sake gwada irin wannan a 1984 da wasan waƙa na La Bohème, kuma masu sharhi ba su yaba ba. Ba duk inda ta sa ƙafa ta yi nasara ba.

Sadiya A.:
Haka ne, kuma wannan ma hujjata ce. Wadda take tsoron faɗuwa da ta zauna tana maimaita You're No Good har ta tsufa, kuɗi na shigowa. Ko faifan tsofaffin waƙoƙin ma, gwajin farko da ta yi da mai shirya faifai Jerry Wexler a 1981 ba ta gamsu da shi ba, ta ajiye shi bayan an kashe kuɗi, ta nemi Nelson Riddle suka sake daga tushe.

Malam Tukur Gusau:
Gyara kaɗan, don kada a ba ta abin da ba nata ba. Ba ita ta fara komawa tsofaffin waƙoƙin Amurka ba. Ringo Starr ya yi a 1970, Harry Nilsson ya yi a 1973, Willie Nelson ya yi Stardust a 1978 kuma ya sayu ƙwarai, Carly Simon ta yi a 1981. Abin da ya bambanta Linda shi ne girman kasadar da kuma wanda ta ɗauko. Riddle shi ne ya tsara wa Sinatra da Nat King Cole da Ella Fitzgerald kiɗa, amma a farkon shekarun 1980 an kusa mantawa da shi. Faifansu na farko, What's New, ya kai matsayi na uku, ya sayar da sama da miliyan uku a Amurka, a lokacin da samari ke kallon MTV. Suka yi faifai uku tare, Riddle ya rasu a 1985 kafin na ukun ya fito. Bayan wannan ne kamfanoni suka gane akwai kuɗi a wurin. Rod Stewart ya bi sahu a 2002, Bob Dylan ma ya rera waƙoƙin Sinatra a 2015.

Ni dai a kunnena faifan farkon tana ɗan ɗari-ɗari, tana rera Gershwin da Irving Berlin da ladabin ɗaliba. A na biyu, Lush Life, ta fi sakin jiki.

Baba Ilu Mai Ritaya:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, 'ya'yana, kuma na ga kowa yana zagaye wani wuri. Ni zan taka shi. A 1983, shekarar da kuke yabon ta fitar da What's New, wannan mata ta je Sun City ta yi wasa.

Yaran yanzu ba su san mene ne Sun City ba. Wurin caca ne da shaƙatawa da aka buɗe a 1979 a Bophuthatswana, ɗaya daga cikin yankunan da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta yanka ta ce wai ƙasashe ne masu 'yanci, don ta raba baƙaƙe da zama 'yan ƙasa a ƙasarsu. Babu ƙasar duniya da ta amince da wannan 'yanci sai ita Afirka ta Kudun. Turawan Johannesburg suna shiga mota su je can su yi abin da dokarsu ta hana a gida. Ana zuba wa mawaƙan waje kuɗi masu yawa don su zo, saboda zuwansu yana nuna wa duniya kamar komai lafiya. A 1980 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga mawaƙa da 'yan wasa su ƙaurace wa ƙasar. Kwamitin Majalisar na yaƙi da wariya, Najeriya ce ta daɗe tana shugabantarsa. Marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya riƙe shi, bayansa Janar Joe Garba ya riƙe. Mu ma'aikata a nan gida an karɓi gudummawa daga albashinmu don asusun tallafa wa kudancin Afirka. Mandela yana kurkuku a lokacin.

To ku gaya mini, macen da ta iya ce wa kamfaninta a'a kan faifai, ta kasa ce wa Sun City a'a? Wannan taurin kan da kuke yabo, shi ne dai ya kai ta can.

Habu Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ba zan kare wannan tafiya ba, kuskure ce babba. Abin da ta faɗa a lokacin shi ne ba ta goyon bayan wariya, amma ba ta yarda a sa takunkumi a harkar fasaha ba, kuma ba ta son a gaya mata inda za ta je da inda ba za ta je ba. Ba ita kaɗai ba ce kuma: Sinatra ya je, Rod Stewart ya je, Elton John ya je, Queen sun je a 1984.

Baba Ilu Mai Ritaya:
Habu, yawan masu laifi ba ya wanke laifi. Kuma akwai waɗanda aka yi wa tayin suka ƙi. A 1985 Steven Van Zandt ya tara mawaƙa da dama, har da Springsteen da Miles Davis da Bob Dylan, suka yi waƙa takanas suna cewa ba za su yi wasa a can ba. Waɗanda ake zalunta ne da kansu suka roƙi a ƙaurace. Idan mai gida ya ce kada ka shigo ta wannan ƙofa, ba kai baƙo za ka koya masa amfanin fasaha ba.

Malam Tukur Gusau:
Baba, ina tare da kai a kan Sun City. Amma labarin bai tsaya nan ba, kuma shi ya sa yake da wuyar yankewa. A 1986 Paul Simon ya sa ta a faifansa Graceland, suka rera Under African Skies tare, har akwai baitin da ya gina kan yarintarta a Tucson. An soki Simon kan zuwa Johannesburg ɗaukar faifan, an ƙara sukarsa kan sa Linda musamman. Sai ga Miriam Makeba da Hugh Masekela, waɗanda wariya ta raba da ƙasarsu shekara da shekaru, sun bi shi yawon wasan faifan a 1987. 'Yan ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo kuma ta wannan faifan duniya ta san su. Ke nan su kansu 'yan Afirka ta Kudu ba bakinsu ɗaya ba kan yadda za a yi da takunkumin.

Baba Ilu Mai Ritaya:
Tukur, kada ka haɗa biyun. Simon ya je ya yi aiki da baƙaƙen makaɗa, ya biya su, ya fito da su duniya. Ana iya gardama a kan wannan. Ita kuwa gidan caca ta je ta nishaɗantar da masu kuɗi. Makeba ba ta taɓa taka Sun City a zamanin wariya ba. Ina jin muryar matar nan, kuma na san Allah ya ba ta. Amma duk wanda zai ba da tarihinta ya tsallake 1983, bai ba da shi cikakke ba.

Hajiya Rabi Fagge:
Gaskiya ce, Yaya Ilu. A faɗi wannan, a faɗi wancan.

Usman Umdurman:
Salam daga Sudan. Ni faifan Meksikon ne ya kawo ni wannan zance, don na ga an wuce shi da sauri, alhali shi ne zuciyar maganar Malam Habu.

Ku dubi asalinta. Tucson kanta ƙasar Meksiko ce har zuwa cinikin Gadsden na 1853 zuwa 1854, lokacin da Amurka ta sayi yankin. Kakan mahaifinta Bajamushe ne da ya zauna a Sonora ya auri 'yar can. Kakanta Federico an haife shi a Sonora a 1868, ya zo Tucson yana yaro ya koyi ƙera keken doki, ya kafa ƙungiyar makaɗa a garin. Gwaggonta Luisa Espinel mawaƙiya ce, kuma a 1946 ta tattara waƙoƙin da ta ji a bakin mahaifinta aka buga su a ɗan littafi. Sunan wannan littafin Linda ta sa wa faifanta, Canciones de Mi Padre, wato waƙoƙin mahaifina. Saboda sunan Jamusawa da take ɗauke da shi da kuma farar fatarta, yawancin masu sayen faifanta ba su taɓa sanin tana da jinin Meksiko ba.

Kuma ba ta yi shi da wasa ba. Ta ɗauko Rubén Fuentes ya tsara kiɗan, ta ɗauko Mariachi Vargas de Tecalitlán, ƙungiyar da babu kamarta a wannan salo. Ta ce Lola Beltrán ce ta koya mata yadda ake sakin murya, tun tana yarinya tana saurarenta. Ita da bakinta ta yarda Sifaniyancinta bai nuna ba, a waƙa ta san harshen fiye da a hira, sai da ta zauna ta yi ta bita. Faifan ya sayar da sama da miliyan biyu, ya ci Grammy, kuma an daɗe ana lissafa shi a matsayin faifan da ba na Turanci ba da ya fi kowane sayuwa a tarihin Amurka. A 2022 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin rikodin da ake adanawa don tarihi. Ta ƙara da Mas Canciones a 1991.

Mu Hausawan Sudan mun san wannan hali. Jikoki da yawa a nan Larabci ne a bakinsu, Hausar sai a waƙar biki da ta raino. A'isha Falatiya, wadda tana cikin matan farko da suka rera waƙa a gidan rediyon Umdurman, jinin Hausa ce, da Larabci ta yi suna, amma ta rera da Hausa ma. Wanda bai tashi tsakanin harshe biyu ba, ba zai gane nauyin abin da Linda ta sauke a 1987 ba.

Nura Mai Jita:
Malam Usman, wannan bayanin ya shige ni. Na je na saurari La Cigarra da La Charreada yanzu. Wallahi ƙarfin da take fitarwa a nan ya fi na faifan rok ɗin, kuma akwai inda take karya murya ta haye sama ta daɗe a can, ban san tana iya wannan ba. A kan Meksiko na sauko. A kan Gilbert da Sullivan kuwa ina nan inda nake. Kuma har yanzu ban yarda rok baƙo ne ba, Malam Habu. Yarinyar da ta tashi a Amurka a shekarun 1950 ta ji Elvis da Buddy Holly a rediyo kamar kowa. Shi ma kayan gida ne.

Habu Tudun Wada:
Wannan kam ka faɗi gaskiya, ta ji su a rediyo. Abin da nake nufi shi ne rayuwar tauraruwar rok, filayen nan da hotunan mujallu, ita ce ba ta taɓa zama mata daidai ba. Waƙoƙin kam tana son su.

Maman Fadila:
Ni ƙorafina a kan littafin ne. Na saye shi ina zaton zan san matar, sai na tarar littafin waƙa ne kawai. Ta yi soyayya da Jerry Brown yana gwamnan Kalifoniya, har sun zo Afirka tare a 1979 jaridu suka yi ta bin su, amma a littafin ɗan ambato ne ta wuce. Ba ta taɓa aure ba, ta ɗauki yara biyu ta raina, nan ma ba ta buɗe ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, littafin ya fito a Satumban 2013, wata ɗaya bayan ta sanar da duniya cewa likitoci sun ce tana da cutar Parkinson kuma ba ta iya rera ko baiti ɗaya, amma bai yi maganar cutar ba. Wannan fa shi ne babban abin da ya same ta. Yaya za a yi mawaƙiya ta rasa murya, ta rubuta tarihinta, ta yi shiru a kai?

Hajiya Rabi Fagge:
Maman Fadila, ni kuwa wannan ne ya sa na girmama ta. Tun a bangon littafin ta rubuta cewa tarihin waƙa ne. Mawaƙan rok nawa suka cika littafi da wa suka kwana da shi da abin da suka sha, ka gama karantawa ba ka ƙaru da komai ba? Ita ta zauna ta rubuta da hannunta, ba ta ɗauki wani ya rubuta mata ba, ta gaya maka yadda aka haɗa murya da Emmylou Harris, yadda ta ji Aaron Neville a New Orleans har suka yi Don't Know Much a 1989, me ya sa wannan waƙa ta karɓe ta wancan ta ƙi. Mutanen da ta yi soyayya da su a lokacin da ta rubuta suna raye, suna da iyali. Kunya ba aibi ba ce ko a Amurka.

Maganar ciwon kuma ba ɓoyewa ta yi ba. Ta faɗa a hira cewa tun wajen 2000 ta fara jin muryar tana ƙin bin umarninta. Wasanta na ƙarshe a San Antonio ne a 2009, ta sanar da ritaya a 2011. Daga baya likitoci suka gano ba Parkinson ba ce, wata cuta ce ta ƙwaƙwalwa mai kama da ita wadda ba ta jin maganin Parkinson ɗin. A fim ɗin tarihinta na 2019 ta yi maganar a fili. Ko bikin shigar da ita zauren girmamawa na rok a 2014 ba ta samu zuwa ba, Glenn Frey ne ya gabatar da ita, su Stevie Nicks da Bonnie Raitt da Emmylou suka rera waƙoƙinta.

Maman Fadila:
Na ji, Hajiya, amma ni ba gulma nake nema ba. Ina son in ji yadda mace take yanke shawarar ƙin aure a wancan zamani, da yadda ta raini yara ita kaɗai tana wannan aiki. Wannan zai amfani mata da yawa. Ta rufe ƙofar da yawa.

Sadiya A.:
Anti, ki nemi na biyun, Feels Like Home, na 2022. Shi ma ba za ki samu labarin soyayya ba, amma akwai dangi da abinci da ƙauyukan kogin Sonora inda kakanninta suka fito, da ra'ayinta mai zafi kan yadda ake wulaƙanta baƙin haure a kan iyaka. A can ta fi buɗe zuciyarta.

Baba Ilu Mai Ritaya:
To madalla da ta san zafin katangar da aka gitta wa mutanenta. Mutanen Soweto ma sun so a ji nasu zafin a 1983.

Nura Mai Jita:
Tambaya ta ƙarshe daga ni. Na ga a 1987 ɗin akwai wani faifan da ta yi da Dolly Parton. Shi kuma ina za a sa shi a wannan lissafi?

Malam Tukur Gusau:
Trio ke nan, ita da Dolly Parton da Emmylou Harris. Tun a shekarun 1970 suka fara gwadawa, amma kowace da kamfaninta da jadawalinta, abin ya ƙi haɗuwa sai bayan kusan shekara goma. Waƙoƙin karkara ne na tsaunukan Appalachia da makamantansu, kiɗa kaɗan, murya uku a haɗe. Yawanci Linda ce take riƙe ƙasa, Dolly tana sama, Emmylou tana ratsa tsakani, ko da yake suna musanya. Ya ci Grammy shi ma. Na biyun sun ɗauke shi a 1994 amma bai fito ba sai 1999, saboda saɓanin lokaci ya sake shiga tsakaninsu. Ka fara da To Know Him Is to Love Him, sannan Telling Me Lies inda Linda take jan gaba. Idan ka gama ka nemi Adieu False Heart na 2006 da ta yi da Ann Savoy ta Louisiana. Shi ne faifanta na ƙarshe a situdiyo, kuma a lokacin muryar ta riga ta fara raguwa, shi ya sa za ka ji ta zaɓi rerawa a hankali, tana jingina da muryar abokiyarta.